Tarihin Ƙa'idar Ohm da Awon Wutar Lantarki

Bahaushe ya raɗa wa lantarki suna wuta, ya kuwa huta. Idan fitila ta dushe sai ya ce wuta ba ta da ƙarfi. Idan dutsen guga ya sa mita gudu sai ya ce yana shan wuta. Idan waya ta yi zafi har robar jikinta ta narke sai ya ce wuta ta yi yawa. Kalma guda ke ɗauke da wannan kaya duka, alhali kuwa a wurin masana abubuwa huɗu ne dabam-dabam, kowanne da sunansa da ma'auninsa. Ba kuwa Bahaushe kaɗai ya taɓa cusa su a jaka ɗaya ba. Turawan da suka gano lantarkin ma sai da suka yi kusan shekara casa'in, watau daga 1800 zuwa 1889, kafin su gama rarrabe su, su kuma yi ittifaƙi a kan sunayen ma'aunansu.

Ya kamata a fara sanin abubuwan huɗu kafin a shiga labarin mutanen da suka gano su. A ɗauki misalin tankin ruwa da aka ɗora a bisa gini, aka jawo bututu daga gare shi zuwa ƙasa. Gwargwadon tsawon ginin, gwargwadon yadda ruwan zai danno da ƙarfi. Wannan dannowa ita ce kwatankwacin matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta bakin bututun a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne kwatankwacin kwarara, ana auna ta da amfiya. Idan bututun siriri ne, ko dogo, ko kuma ya fara toshewa, zai yi wa ruwan taurin kai, kuma wannan taurin kai shi ne turjiya, ma'auninta om. Na huɗu shi ne yawan aikin da ruwan zai iya yi a cikin daƙiƙa ɗaya idan aka sakar masa wata dabaran ya juya, watau ƙarfin aiki, ma'auninsa wat.

Lissafin da ya haɗa su bai fi ƙarfin ɗan makarantar sakandare ba. A raba matsi da kwarara, sai a sami turjiya. A ninka matsi da kwarara, sai a sami ƙarfin aiki. Butar dafa ruwa da aka jona a wutar gida mai bolt 230, aka auna aka ga tana jan amfiya 10, turjiyarta om 23 ke nan, ƙarfin aikinta kuwa wat 2,300. Iyakar abin ke nan. Amma rabawar nan ta farko ta jawo wa mutumin da ya gano ta shekara shida yana ragaita ba shi da tsayayyen aiki.

Tun zamanin Yunanawa aka san cewa idan aka goga wani daskararren ƙaron itace a jikin ulu yakan jawo ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Sunan ƙaron nan a harshensu, elektron, shi ne asalin kalmar da ta bi ta Ingilishi ta iso wa Hausa a matsayin lantarki. Sai dai har ƙarshen ƙarni na 18 lantarkin da aka sani na tartsatsi ne: a tara shi a cikin kwalba, a sake shi, ya wuce kamar ƙiftawar ido. Abin da ba ya tsayawa kuwa da wuya a auna shi. Duk da haka wani attajirin Ingila mai gudun jama'a, Henry Cavendish, ya gwada. A 1781 ya riƙa cika bututan gilashi masu tsawo da kauri dabam-dabam da ruwan gishiri, yana sakin tartsatsin ta cikinsu. Da yake babu na'urar awo, sai ya mai da jikinsa na'ura: ya kama waya, wuta ta fizge shi, ya kwatanta zafin wannan fizga da na waccan, ya rubuta. Da wannan azaba ya kai ga cewa kwarara tana tafiya daidai da matsi. Amma ya ajiye takardun bai buga ba, ya mutu a 1810, ba wanda ya san abin da ke cikinsu sai da James Clerk Maxwell ya tattara su ya buga a 1879, bayan aikin gama ya gama.

Ƙofa ta buɗe ne daga Italiya. Luigi Galvani, likita a Bolonya, ya buga a 1791 cewa ƙafar mataccen kwaɗo takan harba idan aka taɓa ta da ƙarafa iri biyu, ya ɗauka lantarkin daga jikin dabbar yake. Alessandro Volta na Jami'ar Pavia ya ce a'a, daga haɗuwar ƙarafan ne. Don ya tabbatar da maganarsa sai ya jera fayafayen tutiya da na azurfa ko jan ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, yana raba su da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri. A watan Maris na 1800 ya aika wa Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan bayanin wannan tsibi nasa, batir na farko a duniya. Daga ranar aka sami lantarki mai gudana kamar rafi. Bayan shekara ashirin, a 1820, Hans Christian Oersted ya lura a Kofanhagan cewa allurar kamfas takan kauce idan aka kusanto da ita ga wayar da lantarki ke bi. André-Marie Ampère a Faris ya ɗora bincikensa a kan wannan a cikin 'yan makonni, Johann Schweigger a Jamus kuma ya nannaɗe waya a kewayen allurar don kaucewar ta ƙaru. Yanzu an sami rafi, an kuma sami abin auna gudunsa.

Sauran aiki shi ne a gano dokar da rafin ke bi, kuma manya sun gwada. Humphry Davy ya nuna a 1821 cewa waya mai kauri ta fi siririya barin lantarki ya wuce, gajeriya kuma ta fi doguwa. Peter Barlow ya yi gwaji a 1825 da waya mai tsawon ƙafa 200, ya ga ƙarfin ya ragu ƙwarai, ya yanke hukunci cewa aika saƙo nesa ta waya ba zai yiwu ba. Maganarsa ta sanyaya gwiwar mutane da dama na wasu shekaru. A lokacin masana suna magana a kan "yawan" lantarki da "tsananinsa" ba tare da sun iya cewa ga abin da ya haɗa su ba, kusan dai yadda mai gida ke cewa wuta ta yi yawa ko ba ta da ƙarfi.

Ɗan maƙeri daga Erlangen

An haifi Georg Simon Ohm ran 16 ga Maris, 1789, a garin Erlangen da ke kudancin Jamus. Ubansa, Johann Wolfgang, maƙerin kwaɗo da mabuɗi ne (kwaɗon ƙofa, ba irin na Galvani ba), wanda bai yi zurfi a makaranta ba amma ya koya wa kansa lissafi da falsafa, ya kuma koyar da 'ya'yansa maza biyu da kansa. Ƙanen, Martin, ya zama shehun malamin lissafi a Balin. Shi kuwa Georg, da ya shiga Jami'ar Erlangen a 1805, sai ya fi mai da hankali ga rawa da wasannin samari. Bayan zango uku uban ya fusata, ya tura shi Suwizalan ya je ya koyar a wata makaranta ya ci da kansa. Can ya nutsu, ya karanta littattafan manyan masu lissafi na Faransa shi kaɗai, ya komo Erlangen ya karɓi digirin dakta a 1811. Digiri bai ba shi kujera a jami'a ba. Ya koyar a wata matalauciyar makaranta a Bamberg, sa'an nan a 1817 ya sami aiki a makarantar sakandare ta Kolon, wadda ta yi dace da ɗakin gwaje-gwaje mai kyau.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da abin da ya tura shi bincike, domin ba neman ilmi tsagwaronsa ba ne kawai. Mutum ne da ya doshi shekara arba'in yana fama da allo da yara, yana ganin ya fi ƙarfin wurin da yake, ya kuma gane cewa ba mai kiransa jami'a sai ya buga wani abu da za a san shi da shi. Sana'ar gidansu ta yi masa rana, don kuwa shi ke jan wayoyinsa da hannunsa, ya kuma haɗa na'urorinsa.

Maƙalarsa ta farko, a 1825, kuskure ce. Ƙa'idar da ya fitar ba ta yi daidai ba, dalili kuwa shi ne batir irin na Volta ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya. Da zarar an jona shi sai ya fara rauni, ta yadda kafin mai awo ya cire wannan waya ya sa waccan, abin da yake aunawa da shi ya riga ya sauya. Johann Poggendorff, editan wata mujallar kimiyya, shi ya ba shi shawara ya bar batir ya koma ga abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821, watau idan aka haɗa ƙarafa iri biyu baki da baki, aka ɗumama mahaɗa ɗaya aka sanyaya ɗayar, lantarki zai gudana. Ohm ya haɗa jan ƙarfe da bismut, ya tsoma mahaɗa ɗaya a cikin tafasasshen ruwa, ɗayar a cikin ƙanƙara mai narkewa. Hikimar a nan take, domin ruwa mai tafasa ba ya ƙara zafi, ƙanƙara mai narkewa ba ta ƙara sanyi, saboda haka matsin ya tsaya cak komai daɗewar gwajin. Sai ya rataye allurar maganaɗisu da siririn zare a bisa wayar, yana murɗa zaren har allurar ta komo mazauninta, yawan murɗin kuma shi ke gaya masa ƙarfin kwarara.

A watan Janairu na 1826 ya gwada wayoyin jan ƙarfe takwas masu kauri ɗaya, daga mai inci 2 har zuwa mai inci 134. Da ya dubi alƙaluman sai ya ga duka suna bin tsari guda: kwarara tana daidai da wani adadi idan aka raba shi da jimlar abubuwa biyu, watau tsawon wayar da ake gwadawa da kuma wani adadi na biyu wanda ba ya sauyawa. Adadin farko ya danganta ne ga bambancin zafin mahaɗan biyu, shi ne matsi. Na biyun kuwa shi ne turjiyar sauran da'irar, har da ta cikin tushen wutar kansa.

Wannan adadi na biyu shi ne abin da ya kuɓuce wa magabatansa, kuma a nan ne ya kamata a jinjina masa. Su suna kallon wayar da ke hannunsu kaɗai, shi kuwa ya gane cewa lantarki zagaye yake yi, kuma kowane taki na zagayen yana karɓar nasa harajin, har shi batir ɗin. Duk direban da ya taɓa murza makulli da dare ya ga fitilun mota sun dushe na ɗan lokaci ya ga wannan adadi da idonsa: sitata ta ja kwarara mai yawa, wani kaso na bolt 12 ɗin ya salwanta a cikin batir kafin ya fito.

Da ya ga ya kama abu mai daraja sai ya nemi hutun shekara guda, aka ba shi da rabin albashi, ya tafi Balin wurin ƙanensa. A 1827 ya fito da littafinsa, Die galvanische Kette, mathematisch bearbeitet, ma'ana da'irar lantarki a bisa bayanin lissafi. Ya ɗauki samfuri daga littafin Joseph Fourier na 1822 a kan yadda zafi ke bin ƙarfe daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, ya ce haka lantarki ke bin waya daga inda matsi ya fi yawa zuwa inda ya fi ƙanƙanta.

Ya zaci jami'o'i za su yi rububinsa. Shiru ya fara ji, sa'an nan suka. A wancan zamani falsafar Hegel ce ke tashe a Balin, kuma wasu mabiyanta suna ganin sirrin halitta da zurfin tunani ake gano shi, lissafi da awo kuwa aikin ƙananan ma'aikata ne. Ɗaya daga cikinsu, Georg Friedrich Pohl, ya yi wa littafin kaca-kaca a rubuce, jami'an ma'aikatar ilmi kuma suka juya wa Ohm baya. An saba ba da labarin kamar laifin duka nasu ne, amma littafin ma yana da nasa kason. Lissafin da ke ciki ya yi wa yawancin masana kimiyyar Jamus na lokacin nauyi, kuma Ohm bai shimfiɗa gwaje-gwajensa na 1826 a cikinsa yadda ya kamata ba, har mai karatu na iya ɗauka cewa a kan tebur aka ƙago ƙa'idar. Ga shi kuma mutum ne mai saurin jin ciwo. A 1828 ya ajiye aikinsa na Kolon cikin fushi, ya zauna a Balin yana 'yan koyarwa na wucin gadi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har 1833 da ya sami kujera a kwalejin fasaha ta Nuremberg.

Gaskiyarsa ta fito ne a hankali, kuma mafi yawa daga waje. Gustav Fechner ya sake gwaje-gwajen da kulawa ya tabbatar da ƙa'idar a 1831. Claude Pouillet a Faransa ya kai ga irinta ta tasa hanyar a 1837. A 1841 aka fassara littafin zuwa Ingilishi, a shekarar kuma Ƙungiyar Masana ta Sarauta ta ba shi lambar Copley, wadda ita ce mafi girma a wurinta. Charles Wheatstone, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wayar tangaraho a Ingila, ya fito fili a 1843 ya ce ƙa'idar Ohm ce ta haska masa hanya. Sai a 1852 Jami'ar Munik ta ba shi kujerar shehun malami da ya yi rayuwarsa yana nema. Shekara biyu ya yi a kanta, ya mutu ran 6 ga Yuli, 1854.

Zafi, tutiya da igiyar teku

Rabin lissafin ke nan. Ɗaya rabin, na ƙarfin aiki, ya fito ne daga hannun wani saurayi a Salford, kusa da Mancesta, mai suna James Prescott Joule, ɗan mai masana'antar giya, wanda John Dalton ya koyar. Tambayarsa ta 'yan kasuwa ce: shin injin lantarki zai fi injin tururi araha? Ya tsoma nannaɗaɗɗiyar waya a ruwa, ya saki lantarki, ya riƙa duba ma'aunin zafi. A 1840 da 1841 ya bayyana cewa zafin da waya ke fitarwa yana tafiya ne da turjiyarta a ninka da kwarara sau biyu, watau kwarara sau kwarara sau turjiya. Emil Lenz ya sami wannan sakamako a Rasha a 1842. Game da tambayarsa ta asali kuwa, Joule ya lissafa ya ga laba ɗaya ta kwal a injin tururi tana yin aikin da ya ninka na laba ɗaya ta tutiya a batir wajen sau biyar, ga tutiya kuma da tsada. Ya bar maganar injin, ya bi sawun zafi, wanda ya kai shi ga babbar ƙa'idar nan cewa makamashi ba ya ɓata, sauya kama kawai yake yi.

Idan aka koma ga butar nan za a ga maganar Joule da ta Ohm sun haɗu: 10 sau 10 sau 23 ya ba da 2,300, daidai da 230 sau 10. Daga nan ake gane abin da ke faruwa idan wutar unguwa ta yi ƙasa. A ce matsi ya faɗo daga bolt 230 zuwa 180. Turjiyar butar tana nan a om 23, saboda haka kwarara ta koma wajen amfiya 7.8, ƙarfin aiki kuma ya koma wajen wat 1,400. Matsi ya ragu da kashi 22 cikin ɗari, amma aiki ya ragu da kashi 39, don an rage shi ta fuska biyu. Injin firji da na famfo kuwa halinsu dabam ne, domin idan matsi ya yi ƙasa sukan ƙara jan kwarara don su ci gaba da juyi, zafi ya ƙaru a cikin naɗinsu, har su ƙone.

Abin da ya tilasta wa duniya ta ɗauki waɗannan lissafe-lissafe da muhimmanci shi ne asarar kuɗi. A watan Agusta na 1858 aka gama shimfiɗa igiyar tangaraho ta farko a ƙarƙashin Tekun Atlantika, daga Ailan zuwa Newfoundland. Aka yi ta shagali, amma saƙon Sarauniya Biktoriya mai kalma 98 sai da ya ci wajen awa 16 kafin ya ƙetare. Mai kula da lantarkin kamfanin, Wildman Whitehouse, wanda asalinsa likita ne, ya ga maganin rauni shi ne ƙarin matsi, ya danna wa igiyar wajen bolt 2,000. Cikin 'yan makonni ta mutu. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya riga ya nuna a 1857 cewa wayoyin jan ƙarfe da ake sayarwa da suna ɗaya suna da bambanci mai yawa wajen turjiya, gwargwadon tsabtar ƙarfen. Amma yaya za a rubuta wa mai masana'anta a takardar kwangila cewa ga turjiyar da ake so, alhali babu ma'aunin da kowa ya yarda da shi? Wani yana awo da mil guda na wayar ƙarfe, wani da ƙafa guda ta jan ƙarfe, kamar kasuwar da kowane mai hatsi ya zo da mudunsa.

Akwai kuma wata bukata da ta fi wannan gaggawa. Idan igiya ta yanke a tsakiyar teku, ina jirgi zai je ya lalubo ta? Amsar tana cikin rabawar Ohm. A saki matsin da aka sani daga gaɓa, a auna kwarara, a raba, a sami turjiya. Idan, alal misali, kowane mil yana da om 5, awo kuma ya nuna om 1,500, to ɓarnar tana wajen mil 300 daga gaɓa. Da irin wannan kulawa aka yi nasarar igiyar 1866.

Werner Siemens ya kawo shawara a 1860 cewa a yi ma'auni da zaiba, tsawon mita ɗaya a cikin siririn bututu, domin zaiba ruwa-ruwa ce, ana iya tace ta, kuma ba ruwanta da yadda maƙeri ya ja ta. A 1861 Ƙungiyar Bunƙasa Kimiyya ta Biritaniya ta kafa kwamiti, wanda Thomson da Maxwell da Joule suka yi aiki a cikinsa, kuma a shekarar ne injiniyoyin igiya biyu, Latimer Clark da Charles Bright, suka ba da shawarar a raɗa wa ma'aunan sunayen masana. Babban taron ƙasashe da aka yi a Faris a 1881 ya amince da om da bolt da amfiya. William Siemens ya gabatar da wat a 1882, aka karɓe shi a 1889. Abin lura shi ne James Watt, mai injin tururi, ya mutu a 1819, shekara guda kafin allurar Oersted ta motsa. An ba shi wannan girma ne don shi ya yaɗa awon ƙarfin inji da ƙarfin doki, wanda ya yi daidai da wajen wat 746.

Da zamanin fitila ya zo, lissafin Joule ne ya tsara yadda za a raba wuta. Thomas Edison da mataimakinsa Francis Upton sun lissafa sun ga cewa ƙwan fitila mai ƙaramar turjiya zai ja kwarara mai yawa, wadda za ta bukaci wayoyin jan ƙarfe masu kauri da ba wanda zai iya biya. Shi ya sa suka nace wa ƙwai mai babbar turjiya, suka same shi a 1879. Duk da haka tasharsa ta titin Pearl a Niyok, wadda ta fara aiki a 1882 da bolt 110, ba ta iya kai wuta fiye da kimanin mil guda. Mafita ita ce a ɗaga matsi don a rage kwarara, kuma taransifoma ce ta sa hakan ya yiwu. A 1891 aka kai wuta daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar kilomita 175, da bolt 15,000.

A sauƙaƙe lissafin a ɗauka waya guda ce mai om 10, ana so a aika wat miliyan 100 ta cikinta. Da bolt 33,000 kwarara za ta kai wajen amfiya 3,030, zafin da zai salwanta a hanya kuwa wajen wat miliyan 92, watau kusan duka. Da bolt 330,000 kwarara ta koma amfiya 303, asarar ba ta kai wat miliyan ɗaya ba. An ninka matsi sau goma, asara ta ragu sau ɗari. Dalilin ke nan da ya sa, da aka kammala madatsar Kainji a 1968, manyan layukan da suka tashi daga can suka ɗauki bolt 330,000, wanda aka ja daga Birnin Kebbi zuwa Yamai kuma bolt 132,000. Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen janareta zai lura cewa da kilobolt-amfiya ake rubuta girmansa, domin a wuta mai kai da komowa ninka matsi da kwarara yana ba da wat daidai ne kawai ga kaya irin su buta da dutsen guga. Ga injuna masu naɗin waya, wat ɗin gaskiya yakan gaza haka.

Maxwell da George Chrystal sun sa ƙa'idar Ohm a sikeli a Kambirij a 1876, suka ga ƙarfen da zafinsa bai sauya ba yana bin ta ba tare da wata kaucewa da za a iya gani ba. Amma ƙa'idar hali ce ta wasu abubuwa, ba ta hau kan kome da kome ba. Tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 60 yana da turjiyar wajen om 880 idan yana ci, amma idan ya huce ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba, shi ya sa ya fi ƙonewa a daidai lokacin da aka kunna shi. Sinadaran da ake yin taransisto da kwamfuta da su kuwa amfaninsu ma yana cikin ƙin bin ƙa'idar. Shi kansa Ohm ya mutu bai san mene ne ke gudana a cikin wayarsa ba, domin sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ƙwayar lantarki.

Taron Shikago na 1893 ya ayyana om a matsayin turjiyar zaiba mai tsawon santimita 106.3 a sanyin ƙanƙara mai narkewa. Bayan shekara 18, a 1911, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaibar nan a Laidan har ta kusa iyakar sanyi, sai ya ga turjiyarta ta ɓace ɗungurungum. A 1980 wani Bajamushe, Klaus von Klitzing, ya gano wata turjiya ta wajen om 25,812.8 wadda ba ta danganta ga tsawon abu ko tsabtarsa ba, tana fitowa ne daga adadai biyu na asalin halitta, kuma ya sami lambar Nobel a kanta a 1985. Da ita manyan ɗakunan awo suke gwada ma'aunansu na om, kuma tun daga watan Mayu na 2019 ita amfiya ma an ɗaure ta ne ga cajin ƙwayar lantarki guda.